Tambayoyin Masu Karatu: Wariya da Abin da Doka Ta Tanada

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan yawancinsu kuka ɗaya suke yi, ko da yake kowa da inda abin ya taɓa shi: an hana mutum abin da ya cancanta saboda garin da kakansa ya fito, ko saboda juna biyu, ko larurar ƙafa, ko suturar da addini ya ɗora. Kamar yadda aka saba, an sakaya sunayen masu tambaya da na wuraren da suke kuka da su. Amsoshin nan bayani ne na gaba ɗaya, don haka duk wanda ya ƙuduri niyyar shiga kotu ya fara zama da lauya, takardunsa a hannu.

TAMBAYA: An haife ni a Jos, nan aka haifi mahaifina, kakana kuwa ya zo ne daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, kuma a nan aka binne shi. Ɗana ya nemi aikin ɗamara na tarayya, aka ce ya kawo takardar indijin. Ƙaramar hukumar da muke zaune ta ce mu ba 'yan asali ba ne, a can ƙauyen kakana kuma babu wanda ya san mu. Shin mu 'yan ina ne, kuma doka ta yarda da wannan? Daga wani magidanci, Jos.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri. Tambayarka ta taɓo wurin da kundin tsarin mulkin 1999 yake magana da baki biyu, kuma gara in faɗa maka haka tun farko da in ɗora ka a kan fatan da ba zai kai ka ko'ina ba.

A gefe guda akwai sashe na 42, wanda shi ne ginshiƙin duk wata ƙara ta nuna bambanci a Najeriya. Ya hana a ɗora wa ɗan ƙasa wani takunkumi, ko a fifita wani a kansa, don kawai al'ummar da ya fito, ko ƙabilarsa, ko wurin asalinsa, ko kasancewarsa namiji ko mace, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko da rubutacciyar doka aka yi hakan ko ta yadda jami'an gwamnati suke gudanar da aiki. Sashe na 41 ya ba ka 'yancin zama duk inda ka ga dama a ƙasar, na 43 ya ba ka 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina, na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a kowane yanki na tarayya.

A ɗaya gefen, wannan kundi dai shi ne ya kawo tsarin raba daidai a sashe na 14, ya wajabta wa shugaban ƙasa a sashe na 147 ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, sa'annan a sashe na 318 ya danganta zaman mutum ɗan wata jiha da cewa ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ne ta asalin jihar. Bai faɗi shekara nawa zuri'a za ta yi a wuri kafin a karɓe ta ba, bai ma ambaci takardar indijin ba. Wannan giɓi ne ya bar hukunci a hannun shugaban ƙaramar hukuma da sakatarensa da masu unguwanni, kowa yana yanke wa kansa wanda ya ga dama. Bugu da ƙari, ƙaramin sashe na 3 a ƙarƙashin sashe na 42 ya keɓe dokokin da suka shafi ɗaukar mutum aikin gwamnati da na soja da na ɗan sanda, wato daidai ƙofar da ɗanka ya ƙwanƙwasa.

Ka fi ni sanin abin da wannan magana ta jawo a Jos. Rikicin 1994 da na 2001 duk suna da alaƙa da taƙaddama kan naɗin muƙami, kuma kwamitocin binciken da aka kafa a bayansu, na Mai Shari'a Fiberesima da na Mai Shari'a Niki Tobi, sun tafi a kan cewa Berom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin garin. Tsoron da waɗannan ƙabilu suke ji na a rinjaye su a ƙasar kakanninsu tsoro ne na gaske, kuma duk maganin da ya yi biris da shi ba zai ɗore ba. Amma ban ga adalci ba a ce yaron da kakan babansa ya yi gumi a ramin kuza, aka haifi zuri'arsa uku a unguwa ɗaya, shi ne za a mayar baƙo a ƙasar da ba shi da wata sai ita. Ya kamata kuma mu yarda cewa cutar ba ta Filato kaɗai ba ce. Ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa, yana cin karo da irin wannan bango. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu 'yan'uwansu Ibo ne na jihohin maƙwabta. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an haife ta a Anambara amma ta shigo da gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki. Gwamnatin Kaduna a zamanin Malam Nasir El-Rufa'i ta bayyana cewa zama a jihar shi ne ma'auni, a 2025 kuma mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, sai dai ya janye shi bayan suka ta yi yawa. A ganina gyaran yana nan, kuma sai an taɓa kundin kansa.

Kafin wannan rana, ga abin da za ka iya yi. Ka nemi takardar a rubuce, ka haɗa da takardun haihuwa da na fili da rasiɗan haraji, ka kuma nemi a ba ka amsa a rubuce ko da ƙi ne, domin maganar da aka faɗa maka ta taga ba ta zama hujja. Da wannan za ka iya kai kuka ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da na Hukumar Raba Daidai. Ƙa'idojin hukumar ta biyu sun ɗauki mutum ɗan asalin ƙaramar hukuma idan mahaifinsa ko kakansa ɗan can ne, ko kuma idan ƙaramar hukumar ta karɓe shi, saboda haka tafiya ƙauyen kakanka ba ɓata lokaci ba ce: dattawan gari da dagaci da hakimi sukan gane zuri'a ta sunan gida ko da fuska ta ɓace musu. Abin da nake roƙonka shi ne kada ɗanka ya sayi takardar bogi a hannun dillalai, domin ana tantancewa, kuma akan kori mutum bayan ya yi shekaru a bakin aiki.

TAMBAYA: Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, na shekara uku ina koyarwa ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Da cikina ya fito, mai makarantar ya kira ni ofis ya ce ba zai iya biyan mai zaman gida ba, bayan kwana biyu aka miƙo mini takarda cewa ana rage ma'aikata. Mako guda da tafiyata aka ɗauki namiji a ajina. Ina da wata madafa? Daga wata malama, Zariya.

AMSA: Malama, Allah ya raba lafiya. Kina da madafa, kuma mai ƙarfi ce, in dai kin shiga ta ƙofar da ta dace.

Da yawa daga cikin mutane suna zaton sashe na 42 yana kama kowa, alhali an gina shi ne a kan dokoki da ayyukan gwamnati, kuma tun a shari'ar Uzoukwu da Ezeonu a 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fassara irin wannan tanadi da cewa hukuma yake fuskanta. Da a nan maganar ta tsaya, da mai makarantar kuɗi ya sha. To amma gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya mallaka wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata taƙaddama ta aiki, ta gwamnati ce ko ta kamfani, ya ambaci nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki ƙarara, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Daga cikinsu akwai yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana bambanci wajen ɗaukar aiki da sallama, kuma Najeriya ta amince da ita a 2002. Tun daga lokacin tsohuwar fahimtar nan ta cewa mai aiki yana iya korar ma'aikaci da dalili ko babu dalili ta fara rauni a wannan kotu.

An yi shari'o'i irin taki. Kotun ta taɓa yanke wa Folarin Maiya hukunci mai daɗi a kan wata ƙungiyar lafiya mai zaman kanta da ta sallame ta bayan ta sanar da cewa tana da juna biyu, ta ce wannan wariya ce, ta kuma ba ta diyya. A 2023 reshen kotun da ke Akure ya yi fatali da ƙa'ida ta 127 ta rundunar 'yan sanda, wadda ta ce a sallami 'yar sandar da ta yi ciki ba ta da aure, tunda ba a yi wa namijin da ya yi cikin komai. Ita kuma Dokar Ƙwadago a sashe na 54 ta ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a aikin, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, ta kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Lauyan makaranta zai iya cewa wannan doka ta leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ce, ba ta haɗa da masu aikin ƙwarewa ba, shi ya sa bai kamata ki jingina da ita kaɗai ba.

Shari'arki za ta tsaya ne a kan abu guda: nuna cewa rage ma'aikata fakewa ce. Ki adana takardar ɗaukarki aiki da ta sallama da saƙonnin banki na albashi, ki rubuta ranar da ya kira ki ofis da abin da ya faɗa da wanda yake wurin tun abin bai shige miki ba, ki kuma nemo shaidar ranar da sabon malamin ya fara. Idan aka kira ki aka ce ki sa hannu a takardar ajiye aiki don a ba ki kuɗin wata ɗaya, kada ki sa. Kotun tana da reshe a Kaduna da Kano, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya yana yin sulhu, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma tana taimakon mata kyauta.

TAMBAYA: Shan inna ya taɓa ni tun ina yaro, da keke nake tafiya. Ina da digiri a fannin akanta. Na ci jarrabawar ɗaukar aiki ta wata hukumar tarayya, aka kira ni intabiyu a hawa na biyu, babu wata hanya sai matakala, masu gadi biyu ne suka ɗauke ni cak kowa yana kallo. Da na shiga, shugaban kwamitin ya dube ni ya ce aikin nan na mai lafiya ne. Ko tambaya ɗaya ba a yi mini ba. Daga wani matashi, Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa, abin da aka yi maka laifi ne mai hukunci a rubuce, kuma laifi biyu ne, na ginin da na bakin shugaban kwamitin.

Sashe na 42 bai lissafa naƙasa ba, shi ya sa masu buƙata ta musamman suka yi shekaru suna zarya a Majalisar Tarayya har aka samu dokar hana nuna musu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Dokar ta haramta wa kowane mutum da kowace hukuma nuna bambanci saboda naƙasa, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun a kan mutum, da naira miliyan ɗaya a kan kamfani ko hukuma, kuma wannan bai hana wanda aka cuta shigar da tasa ƙarar neman diyya ba. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa gwargwadon iko. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da makaho za su shiga ba tare da an ɗauke su ba, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. An kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020 domin bin diddigin dokar da karɓar koke.

Kuɗin tarar nan ya yi kaɗan a yau, ba na musu, kuma duk wanda ya zaga sakatariyoyinmu da bankunanmu, har da kotunan kansu, ya san yawancinsu matakala ce zalla. Duk da haka ina ba ka shawara ka yi kuka, domin jami'in da ya furta wannan magana ya furta ta ne da yaƙinin cewa za ka koma gida ka yi shiru. Ka rubuta ƙorafi ga shugaban hukumar, ka haɗa da takardar gayyatar intabiyu da sakamakon jarrabawarka, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka aika wani kwafin ga hukumar masu buƙata ta musamman da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, wadda tun gyaran dokarta na 2010 hukuncinta yake da ƙarfi irin na babbar kotu. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana da ofis a kowace jiha, sai dai ba ta karɓar kukan da ya wuce wata goma sha biyu. Kada ka yi jinkiri, domin akwai dokar da ta ƙayyade wata uku ga wasu ƙararraki a kan jami'an gwamnati, kuma lauyoyinsu da ita suke fara kare kansu.

Akwai wani ɓangare na dokar da ya shafe mu a gida: ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara. Al'ummar da ta riga ta yanke wa gurgu da makaho da kurma hukuncin cewa ƙoƙon bara ne rabonsu ita ce ta haifi mutumin da ya ga akanta a kan keke ya kasa ganin akanta.

TAMBAYA: Ina sana'ar gwari a wani gari na Kudu. Sau uku ina samun gidan haya, da zarar dillali ya ji sunana sai ya ce mai gida ba ya ba ɗan Arewa. Zan iya kai ƙara? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Malam, a nan hannun doka gajere ne. Najeriya ba ta da wata doka ta gaba ɗaya da ta hana mai gida zaɓen wanda zai ba haya, irin wadda Amurka ta yi a 1968 ko wadda Birtaniya ta tattara a 2010, kuma ƙara a kan mutum mai zaman kansa ta hanyar sashe na 42 tana da wuyar nasara. Abin da doka take karewa sosai shi ne bayan ka shiga: ba a fitar da ɗan haya sai da sanarwa da umarnin kotu, don haka ka riƙa karɓar rasiɗi da rubutacciyar yarjejeniya. Haka nan babu wata ƙungiya ko hukuma da ke da ikon ba wata ƙabila wa'adin barin gari, ko 'yan Arewa ne a Kudu, ko Ibo ne a Arewa kamar yadda wasu ƙungiyoyin matasa suka yi a Kaduna a 2017. Ka nemi Sarkin Hausawan garin ko shugabannin kasuwarku su tsaya maka, sau da yawa mai gida shaidar wani sananne yake nema. Masu gidaje a garuruwanmu da ke cewa ba sa ba wanda ba Musulmi ba, ko ba sa ba bazawara, su ma su karanta wasiƙarka.

TAMBAYA: 'Yata tana wata sakandaren gwamnati a Kudu maso Yamma, an ce ta cire hijabi ko ta koma gida. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, an riga an yanke wannan magana. A shari'ar Asiyat Abdulkareem da gwamnatin Legas, Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a Yunin 2022, da rinjayen alƙalai biyar cikin bakwai, cewa hana ɗaliba hijabi a makarantar gwamnati ya saɓa wa 'yancin addini da sashe na 38 ya tanada. Ki rubuta wa shugaban makarantar da ma'aikatar ilimi, ki ambaci wannan hukunci, yawanci a nan maganar take ƙarewa. Wannan sashe ɗin dai shi ne ya hana a tilasta wa ɗaliba Kirista a makarantar gwamnati a Arewa darasi ko ibadar addinin da ba nata ba.

TAMBAYA: Mun shekara biyu muna neman aure da wata yarinya, har an karɓi kuɗin gaisuwa. Daga baya danginta suka yi bincike suka ce kakan mahaifina bawa ne a gidan sarauta, aka dawo da kuɗin, wani kawunta ma yana faɗa a majalisa cewa ba sa haɗa jini da bayi. Ni ma'aikaci ne, ina da rufin asiri, ita kuma ta ce ba ta da wani sai ni. Daga wani saurayi.

AMSA: Ɗana, wannan wasiƙa ta fi sauran taɓa ni, domin irin wariyar ce da muke yi wa junanmu a cikin zaure, ba mu ma ɗauke ta wariya ba. Ɗan mahauci da ɗan wanzami da ɗan makaɗi duk sun san wannan bincike na asali, wanda ba ya tambayar sallar mutum ko halinsa.

Ta fuskar dokar ƙasa, babu bawa a Najeriya. Tun sanarwar Turawan mulkin mallaka ta 1901 duk yaron da aka haifa a Arewa daga Afrilun shekarar ɗa ne, a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya, sashe na 34 na kundin yanzu ya haramta ta, ƙaramin sashe na 2 na sashe na 42 kuma ya ce ba za a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa ba. Da sashe na 42 Kotun Ƙoli ta yi aiki a shari'ar Ukeje a 2014, inda ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo. A Nijar, inda aka mayar da bauta babban laifi a 2003, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta kai ƙasarta ƙara Kotun ECOWAS, a Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta ba ta diyyar sefa miliyan 10. Idan da aiki aka hana ka, ko gado, ko fili, saboda wannan magana, da na ce ka nufi kotu gobe. Aure kuwa daban ne, domin babu babbar kotun da za ta tilasta wa uba ya ba da 'yarsa. Yankin Gabashin Najeriya ya soke tsarin osu, wato ware wasu zuri'o'i a ƙasar Ibo a matsayin bayin gumaka, da doka tun 1956, amma har yau ana fasa aure a kansa.

Hujjarka mafi ƙarfi a gidan nan ta addini ce. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce mafificin mutane a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantacce ne, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka fi dubawa wajen dacewar miji shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke ba da damar raba aure. Waliyyin da ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba tare da dalilin shari'a ba, tana da ikon kai shi gaban alƙali, alƙali ya umarce shi, in ya ƙi ya ɗaura da kansa. Sai dai malamai sun ba uban budurwa sarari fiye da sauran waliyyai, ba a ɗaukar ƙin da ya yi wa manemi ɗaya a matsayin zalunci sai an tabbatar cutarwa yake nufi, kuma wannan ƙara tata ce, ba taka ba.

Saboda haka kada ka fara da kotu, kada kuma ka zuga yarinya ta bijire wa iyayenta. Ka tura manyanka tare da limamin da mahaifinta yake jin nauyinsa, su zauna da shi shi kaɗai ba a gaban dangi ba, domin sau da yawa uba ya gamsu, surutun 'yan'uwa yake tsoro. Idan a jiharku akwai Hisba ko kwamitin sulhu na masarauta, suna shiga irin wannan magana. Shi kuwa kawun da ke yawo da sunan gidanku a majalisa, a aika masa dattijo ya gaya masa cewa ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, kuma in ya ci gaba kana da damar kai shi gaban alƙali da shaidu biyu da suka ji shi.